Tafinta a Kotun Gadarif

Fankar kotu na juyi kamar an tilasta ta,
ƙuda ɗaya na kewaya kofin shayin magatakarda.
Aka ce in tsaya nan, tsakanin alƙali da tsoho.
Na dafa Alƙur'ani: ba ƙari, ba ragi.

Sunansa Gwadabe.
Shekara hamsin yana yankan riɗi
a baƙar ƙasar nan mai tsagewa kamar faso.
Larabci kuwa ya sha shi a kasuwa,
ya yi ciniki da shi, ya yi rantsuwa,
har ba'a yake yi da shi, in ji 'yarsa Kande.
Bara harshen ya soma tsiyaya kamar hujajjen buhu.
Yau ba saura sai Hausar da ya tsotsa
a goye, kan hanyar Makka da ba su ƙarasa ba.

An ce ya cinna wa tarin riɗin Awadul Karim wuta,
abin buhu saba'in, daren Talata.
Amma ba shari'ar wuta ake yau ba.
Hankalinsa aka kawo awo, a ga ko ya cika mudu.

Maulana ya ce, "Tambaye shi, yau wace rana?"
Tsoho ya dubi taga, ya dubi ankwa.
"Ranar wanka," ya ce, "ba a ɓoyon cibi."
Na juye ta a Larabci, ta fito tsirara.
Lauyoyi suka rufe baki da takarda,
likita ta sunkuya ta rubuta wani abu.

"Tambaye shi ko ya san ni."
"Na san shi mana. Mai wuƙa da nama a hannu."
Na faɗa yadda ya faɗa.
Wani daga baya ya ce, "Mahauci ya ɗauke shi!"
Ni kaɗai a ɗakin nan, sai Kande,
muka san bakin nan bai yi tuntuɓe ba.
Ta kafe ni da ido. Na gane roƙon:
bar su da ɓawon, kar ka ɓare musu.

In na ɓare, kurkuku.
In na bari, su sa masa sunan da ba ya wankuwa.
Gumi ya bi ƙeyata ya shiga kwala.

"Ya san abin da ya kawo shi?"
Sai ya kama hannun rigata.
"Tanimu, ka ba jakin ruwa?"
Tanimu ɗansa ne, kabarinsa ya shekara tara.
Ya matso, muryarsa ta koma ta yaro:
"Inna ce ke rawar ɗari a bakin hanya.
Na ga kara a tare, na hura mata.
Ta ji ɗumi kuwa?"

Fanka ta yi ƙara. Ba wanda ya yi dariya
ko da yake ban fassara ba tukuna.

Maulana ya tuɓe tabarau ya murza ido.
"Kai da ka ji harshen,
maganar mai hankali ce wannan?"
Na ce, "Maulana, ni mai dako ne.
Biyu na farko masu nauyi ne, na dattijo.
Na ƙarshe ban san daga inda aka loda shi ba.
Amma duk baki ɗaya ya sauke su."

Aka ɗaga zama sai bayan sati uku,
likitoci biyu su sake dubawa.

A baranda, ɗan sanda na kwance masa ankwa
don ya sha ruwa,
motar riɗi ta wuce, ƙamshi ya biyo ta.
Gwadabe ya bi ta da kallo har kwana,
ya juyo gare ni, cikin Larabci tas,
irin na 'yan kasuwar amfanin gona,
ya ce, "Nawa ƙintari ya kai bana?"

Ɗan sandan yana can wajen randa.
Kande ta sunkuyar da kai.
An riga an tashi kotu,
ba wanda ya ce in fassara.